Telar da Ta Zama Ƙyalle

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinka wuyan riguna
a wata masana'anta a Quanzhou, hawa na uku, gefen taga.
Allura ta san ni, na san ta.
Ta sha jinin yatsana har mun daina gaba.
Yau ga ni kwance ta gefen hagu, matashi tsakanin gwiwoyi,
ni ce ƙyallen.

Mako na talatin da shida.
Likita Dou na da tabon ƙuna a wuyan hannu
da murya irin ta mai tallan kifi da asuba.
Ta ɗora yatsu uku a jijiyata, ta yi tsit,
ta ce in fito da harshe.
"Kina shan kankana da dare," in ji ta.
Ban musa ba.

Allurarta siririya ce kamar gashin gira,
kuma ba ta da kafar zare.
Na ce, to me za ki ɗinke da wannan?
Ta ce, "Mu nan ba ɗinki muke ba, 'yata.
Warwara muke."

Ɗaya a ƙasan gwiwa.
Ɗaya yatsu huɗu sama da idon sawu.
Ta murza ta kaɗan, sai wani tsami mai nauyi
ya gangara ƙafata kamar ruwan ɗumi a rariya.
Na cikin ya yi juyi, ya tokare ni da diddige,
wai shi ma ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Minti ashirin ba motsi.
Ni da ban taɓa zama hannu banza ba,
na kwanta ina ƙirga ɗigon ruwa daga na'urar sanyaya ɗaki,
ina tuna Qiulan ta keke na bakwai:
kwana biyu tana naƙuda kafin a kai ga wuƙa.
Tsoron nan na zo da shi a jaka, tare da katin awo.
Kowace Laraba nakan bar kaɗan a kan gadon nan.

Uwata ta ce yuan tamanin a banza.
Ita a bakin teku naƙudata ta kama ta, tana ɓare kawa,
ta wanke hannu, ta taka gida da ƙafarta.
Amma ita ke rako ni,
tana zaune a benci, tana harare-harare,
da miyar gyaɗa a fulas.
Zhenhai kuwa, mijina, namijin duniya a kan babur,
da ya ga allurar sai ya tuna bai kulle tayarsa ba.

Ranar da aka ƙiyasta ta zo, ta wuce.
Kwana uku bayanta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
faya ta fashe a kan tabarmar gora.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji jiki.
Sa'a goma sha huɗu.
Zhenhai ya danne tsakanin babban yatsana da manuni
yadda Likita Dou ta nuna masa,
ya danna har nasa yatsan ya mutu,
ni kuma na nemi shirun nan na Laraba,
na same shi, na rasa shi, na sake samu.

Uwata ta ce lokaci ne ya yi.
Likita Dou ta aiko da ƙwai ja, ba ta ce komai ba.
Ni dai abin da na sani,
an ce kada allura ta tono garma,
tawa ta tono: kilo uku da rabi, da suma baƙa wuluk.

Daga ƙarshe wata yarinya ungozoma ta matso
da allura lanƙwasasshiya, mai zare wannan karon.
Ɗinki uku kawai, in ji ta.
Na ɗago kai, jaririyar na kan ƙirjina,
na ce, ƙanwata, ja zaren a hankali,
kada ya tattare.